Gogen Kaporal a Cikin Kayan Wanki

Balkisa, ƙawata. Na san za ki yi dariya in kin ga na ce miki ƙawa, ke da kunka yi wasan ƙasa da ɗiyata Rabi. Abin da za ni faɗa miki ba a faɗa wa ɗiya, sai ƙawa, shi ya sa na ɗaga ki.

Shekaranjiya a bakin pampo kin ce mani mako mai zuwa za ku birnin Yamai neman aiki ke da maigidanki, tun da an sallame shi daga soja saboda ƙafarshi. Kin ce tun da ya dawo daga bakin iyaka ba shi magana, sai shi zamna gindin bango shina kaɗa ɗan gurminshi, kuma yayyenki sun ce ki fasa gurmin kafin ku tashi, wai shi ke hana shi zama mutum. Kin tambaye ni mi na gani. Na ce Allah shi zaɓa mafi alheri, na ɗauki ruwana na wuce. Wannan ba amsa ba ce, na sani. Ga amsar a takarda. Ki yi haƙuri da rubutun, ban shiga lakkwal na yi boko ba.

Kun sha jin labarin Yamai a bakina, ku 'yan mata, in muna sussuka kuna cewa, "Inna, ba mu na ɗakin haya." Wancan gaskiya ne, sai dai akwai wurin da nake tsallakewa. Yau ba ni tsallake shi.

Tunkiyata ce ta kai mu Yamai. Wata fara mai baƙin kunne da innata ta ba ni. Ba mu da kuɗin mota, sai maigidana Kaporal ya shirya da mai mota a ɗaure ta bisa, in mun kai kasuwar Baleyara a sayar da ita a biya shi. Haka ta hau tun daga Filinge tana kuka bisa kanmu. Ba mu yi nisa ba ta saki fitsari, ya gangaro ta taga ya sami wani Alhaji mai farar riga.

"Ta wa ce wagga dabba?"

Kaporal ya ce, "Alhaji, yi haƙuri. Fasinja ce kamarka, kuma ta fi mu duka biya."

Mota duk ta yi dariya, har Alhajin. Ni ban yi ba, ina tunanin gobe war haka wuƙa na iya hawa wuyanta. Kayanmu tabarma, tukunya, turmi ƙarami, da akwatin ƙarfe na soja. Babban ɗana na riƙe da zanena, Rabi na goye. Kaporal kuwa ya aza buhu guda bisa gwiwa, bai yarda an ɗaure shi da kaya ba. Goge ne a ciki.

Ke kin san Kaporal tsoho mai shiru da jar hula, ba ki san wanda na aura ba. Sunanshi kin san shi, ni bakina bai saba ba, Kaporal nake ce mishi kamar kowa, muƙaminshi na soja. Shi kuma Malama shike ce mani, don tsokana. Babanshi mai gogen bori ne a wani ƙauye yamma da nan. Kin san ƙasarmu ta Kurfai, ba sai na ɓoye miki ba, har yau akwai gidajen da in ruwa ya yi jinkiri ko ciwo ya ƙi magani, goge da ƙwarya suke nema. Babana kuwa liman ne a unguwarmu. Ranar da anka zo nemana ya ce, "Na ba ka ita. Amma gogen ubanka ba shi kiran kowa a gidan ɗiyata." Kaporal ya ce, "Na ɗauka." Ya kwance wuri uku da ke ɗaure a wuyan gogen ya mayar wa innarshi.

Ya riƙe alkawarin. Waƙar noma shike kaɗawa, da ta masu daka, da kiɗan tafiyar soja. Sai ka ga babban ɗana ya saɓa muciya shina taka ƙasa a tsakar gida, uban na goga mishi, ni ina cewa a ba ni muciyata tuwo na ƙonewa. A soja ma mai busa ne, wani ƙahon ƙarfe da suke ce wa kileron. Shi ke tada su, shi ke kiran su abinci, shi ke busa wa wanda ya mutu.

Saboda shi na koyi karatu. Da arewacin ƙasa ya rikice anka tura su can cikin duwatsu, shina aiko da wasiƙa. Mai karanta mana wasiƙa a bakin kasuwa ba shi da ƙaramar murya, Kaporal kuwa ba shi da kunya a takarda. Ranar da anka karanta gaban mahauta cewa shina jin ƙanshin furata cikin barci, na rantse ba a sake ba. Na ari littafin yaƙi da jahilci wurin maƙwabciya, ina bin baƙaƙe da tsinke, har na iya.

Ya dawo da ƙafa biyu da hannu biyu, munka gode Allah. Sai dai hannun ba shi tsayawa. In na miƙa mishi fura, rabi a ƙasa. In iska ta buga ƙofa, sai in same shi manne da bango, ido a waje. Sau ɗaya tak ya ba ni labari. Ya ce motar da ke gabansu ta taka abin da anka binne a hanya, waɗanda ke ciki abokan cin tuwonshi ne. Wurin rufe su anka ce shi busa musu, ya sa ƙarfen a baki, iska ta ƙi fita. Daga nan anka sallame shi. Abu ɗaya na lura: in an yi la'asar ya ɗauko goge, ya shafa ƙaro a izga, ya fara ja a hankali, hannun nan sai shi tsaya cik. Ranar da ya kaɗa, ya ci abinci ya yi wasa da yara. Na gani da idona, Balkisa. Ki riƙe wanga, don kar ki ce ban sani ba.

Damina biyu gero bai yi ba, shi ya fitar da mu.

Ɗakin da munka samu a Yamai antare-kushe suke ce mishi. Na zaci sunan unguwa ne. Kaporal ya ce ma'anarshi ka shiga ka kwanta, don ba abin da za ka iya yi a ciki bayan wannan. In ya miƙe ƙafa sai ya taɓa ƙofa. Mai gidan wata Hajiya ce Bazabarma, mai jiki, mabuɗin pampo na rataye a wuyanta kamar tasbaha. Washegari ina daka na ji ta a kaina.

"Ke, lokatar."

"Sunana ba lokatar ba."

"Duk wanda ke gidan nan lokatar ne."

"Allah shi shirye su. Ni ɗiyar liman ce."

Ashe ɗan haya ake nufi. Ta ce in ɗauke turmina zan fasa mata siminti. Na ce a ina za ni daka? Ta ce a Yamai inji ke daka. Na ce inji ai ba shi san tsakin fura ba. Ta ce, "Kala suru," wato sai haƙuri, ta kulle pampo ta tafi. Duk abin da ka ce wa matar nan, kala suru. Wutar lantarki ta ɗauke, kala suru. Rufi na yoyo bisa Rabi, kala suru. Har babban ɗana ya sa mata suna Hajiya Kalasuru, na buge mishi baki, ni ma a zuci haka nake kiranta.

Kaporal ya sami gadin rana a gidan wani mai kuɗi, patoro suke ce mishi. Shi buɗe ƙofa, shi rufe ƙofa, shi ba ciyawa ruwa. Ciyawar da ba a ci, ba a ba dabba, in ta yi tsawo a aske ta a zubar. Ni kuma na kama wanki. In bi gidaje in tara kaya, in ɗaure ƙunshi in kai gulbi. Ranar da na fara ganin gulbin nan na tsaya ina salati, ban taɓa zaton Allah ya tara ruwa haka wuri guda ba. Masu wanki maza ne yawanci, kowa da dutsenshi, ba su son baƙo. Wani tsoho mutumin Bonkuku ta wajenmu, Arzika, ya ji Hausata ya ce, "Ɗiyar Kurfai, zo nan," ya ba ni gefen dutsenshi. Ya san baban Kaporal, ya ce ya taɓa jin gogenshi tun shina saurayi.

Mun yi wata bakwai lafiya. Yara sun yi kumatu. Sai matar patoro ta haihu.

Ranar suna an ɗauke ni wankin tukwane, don haka komi a gabana anka yi. Mai dafa musu abinci wata Hamsatu ce, ita ma daga wajenmu, mace mai shiru, tare munka yi azahar a bayan madafa. Patoro ya kira Kaporal gaban baƙi.

"An ce kai artis ne, babban makaɗi."

"A'a, patoro. Ɗan goge ne na gida."

"Je ka ɗauko."

Ya dube ni daga nesa, na kau da kai. Ya je ya ɗauko. Ya yi musu ta noma, ya yi musu tafiyar soja, manyan mutane da manyan riguna na dariya suna taka ƙasa. Ni kaina na ji daɗi, ba ni ƙarya. Sai wata tsohuwa cikin baƙi ta ce, "Ɗan Kurfai ne? Yi mana ta gida, ta tsofaffi." Daga baya Kaporal ya ce mani waƙar girbi ya nufa, amma ita da wata ta babanshi farkonsu ɗaya ne, hannun ya bi hanyar da ya fara koya. Ba ni rubuta sunan wadda ake kira da kiɗan nan. Ni dai na ji sautin ya sauya.

Hamsatu na tafe da babban farantin shinkafa. Ta tsaya. Farantin ya faɗi. Ita ma ta faɗi, ta tashi bisa gwiwa, ta yi wata ƙara da muryar da ba tata ba. Ashe tana da iskoki tun ƙuruciya, ta ɓoye. Mata sunka watse, ana jan yara.

Patoro ya ce, "Tsaya. Kaporal, na ce ka tsaya."

Mutumin da bai taɓa ƙin umarni ba, wanda ko ni na ce miƙo ludayi sai ya ce to, bai ko ɗaga kai ba. Ya matsa kusa da ita ya durƙusa, shina ja, shina magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin baƙon da ya ƙi tafiya. Patoro ya kama kafaɗarshi, ya fizge. Ina tsaye da soso a hannu, kumfa na bin gwiwar hannuna, ina kallon mijina na yi wa bori kiɗa gaban mutanen Yamai. Ban san tsawon lokacin ba. Kiɗan ya yi ta sanyi har Hamsatu ta yi atishawa sau uku, ta zamna, ta dubi ƙasa ta ce wa ya zubar da shinkafa.

A hanya, da munka kusa gida, na ce mishi:

"Ka yi wa babana alkawari."

"Na yi. Kiran kuskure ne, Malama, Allah shi yafe mani. Amma wanda ya kira shi ke sallama. Da na tsaya a tsakiya, da abin nan za ta zamna, wata ƙila har mutuwarta. Kowa a gidanmu ya san wanga."

"Ni ba a gidanku na tashi ba."

Washegari patoro ya kore shi, ya kori Hamsatu.

Labari ya bazu. Kwana uku sai ga wani dogo da jakar fata a ƙofarmu, shugaban masu bori na Zabarmawa, zima suke ce wa irinsu. Ya ce sun daɗe ba su ji hannu irin wanga ba, mai gogensu ya tsufa. Kaporal ya ba shi ruwa ya ce ya bari tuntuni. Ya sake dawowa, ya sake dawowa. Hajiya Kalasuru kuma ta zama wata mace. Ta buɗe mani pampo, ta aiko da miya, ta ce in daka inda nake so. Ashe ƙanwarta ce ba lafiya, tana so a yi mata wasa. Kullum Kaporal na cewa a'a. Amma aiki ya ƙi samuwa, wankina kaɗai ke ci da mu, tuwon dare ya koma kunu. Ranar da ziman ya zo na huɗu, bayan ya fita, na ga Kaporal ya zamna shina kallon gogen a bango, ya daɗe. Bai taɓa shi ba. Kallo kawai. Na ce a raina yunwar yara za ta kai shi inda bai so, in ya shiga kuma ba shi fita, ni da 'ya'yana mu ci abincin bori.

Ban yi shawara da kowa ba. Ko istihara ban yi ba, don ina tsoron abin da za a nuna mani.

Da safe ya fita kasuwa neman dako. Na sauko da gogen. Ƙwaryar ta yi baƙi don tsufa, ba nauyi, kamar ka ɗauki jariri. Na naɗe shi a wani tsohon zanena shuɗi mai zanen zabi, wanda wuta ta ci gefenshi guda. Na sa dutse a ciki na ƙulle, na tura tsakiyar kayan wanki, na ɗauka. Da na kai gulbi ban sauka wurinmu ba, na bi baki na yi nisa har na daina jin bugun masu wanki. Na sami wuri mai ciyawa, na yi bisimilla, na jefa.

Dutsen ya zame daga ƙullin ya nutse shi kaɗai. Gogen ya taso da zanen, shina juyawa bisa ruwa a hankali. Na nemi sanda, babu. Na jefe shi da hoge ban same shi ba. Ina tsaye har ya sha kwanar ciyawa ya ɓace. Ranar ban yi wanki ba, na koma da kayan mutane da dauɗarsu.

Bayan la'asar ya miƙa hannu bango.

"Malama, ina gogen?"

"Na bar ƙofa buɗe da na tafi gulbi. Ina jin ɓarawo ne."

"Bai ɗauki tukunya ba?"

"Bai ɗauka ba."

Ya dube ni. Ya ce, "Allah shi kyauta." Ni da ban taɓa yi mishi ƙarya ba ko a kan gishiri.

Washegari da hantsi sai ga tsoho Arzika da buhu a kafaɗa. Ya gaishe ni bai dubi fuskata ba. Ya ce wankin Kaporal ya kawo. Na ce ai ni ke yi mishi wanki. Ya ce, "Wanga tsoho ne." Sunka fita waje tare. Na ɗauka kakin soja ne ya bayar a gyara, kuma kaina ba shi wurin, ban bi ba. Tun ranar Kaporal ya sa wa akwatinshi kwaɗo, ya rataya mabuɗin a wuya.

Ziman ya daina zuwa. Hajiya ta mayar da kwaɗonta a pampo. Na sami abin da nake so. Hannun Kaporal kuwa ya koma rawa fiye da da. Ya sami dako, ya saki buhun wani ya fashe, anka kore shi. Wata rana muna tsallaka titi tayar mota ta fashe, sai na ga mijina kwance rub da ciki a tsakiyar kwalta, ya rufe kai da hannu, motoci na yi mishi oda, mutane na dariya. Na aje ƙunshina na ɗaga shi. Ya ce, "Malama, kai ni gida." Kafin ruwan farko munka dawo Filinge, da tukunya da turmi da akwati. Mutane na tambaya mi Yamai ta ba mu, ina cewa lafiya.

Kusan shekara talatin munka yi bayan nan. Ya yi noma gwargwadon hannunshi. Mun ƙara 'ya'ya uku, bai taɓa ɗaga wa ɗaya hannu ba, in ɗaya ya yi zazzaɓi shi ke goya shi zuwa likita. Sahun farko a masallaci. Ranar bikin ƙasa shi sa jar hularshi da lambarshi shi tsaya tare da tsofaffin soja, in anka busa sai shi runtse ido. Bai sake taɓa goge ba, ko na wani. Amma in ya huta a gona, sai in ga yatsun hagunshi na tafiya bisa ƙotar hauya, suna danna tsirkiyar da babu. Autata ta taɓa tambayata, "Inna, wai da Baba na dariya?" Na ce je ki ɗebo ruwa.

Babban ɗana ya zama malami, kin sani, kina jin wa'azinshi. Ya sha faɗa gaban mutane cewa Allah ya raba babanshi da goge ta hannun ɓarawo, rahama ce. Ina zamne bayan labule ina ji. Uban na gefe, bai taɓa cewa uffan ba. Sau nawa na buɗe baki in gaya wa Kaporal gaskiya, in shina cin tuwo, in muna dawowa gona. Sai in ce gobe.

Bara bayan girbi ya kwanta, kwana tara. Ana gobe zai cika ya ciro mabuɗin daga wuya ya sa mani a hannu. Ya ce, "Ke za ki buɗe, Malama, ba yara ba." Sai da na fita takaba na iya.

Kaki ne a sama, da hula, da lamba. Ƙarƙashinsu wasiƙun da na fara rubuta mishi, baƙaƙe kamar tafiyar kaza, duk ya aje. A can ƙasa zanena ne. Shuɗi mai zabi, ga gefen da wuta ta ci. An wanke shi, an naɗe da kyau. Ban buɗe ba na san abin da ke ciki. Fatar ta fashe, tsirkiya babu, ga tabon ruwa a jikin ƙwaryar.

Sai ranar na gane abin da na yi a gulbi. Ni ɗiyar Kurfai ce, ruwan da na sani na rijiya ne da na tabki, inda ka jefa abu nan shike zama. Ban yi tunanin ruwa na da sama da ƙasa ba. Nisan da na yi, sama na yi. Gulbi ya ɗauko gogen ya bi da shi ta gaban masu wanki, naɗe cikin zanen da Arzika ke gani a jikina kullum.

Ya sani tun kwana ɗaya, Balkisa. Shekara talatin ina zuba mishi tuwo, shina cewa sannu Malama, ya sani. Fatar guza da izgar doki ba su wuya a Kurfai, yini guda ya isa shi gyara shi. Bai gyara ba, bai yar ba, bai tambaye ni ba. Na rasa yadda za ni karanta wanga, ni da nake taƙamar na koya wa kaina karatu. Wata rana in ce yafewa ce. Wata rana in ce alkawarin babana ya riƙe har ya fi ni riƙewa. Wata rana kuma in ce jira shike in faɗa da bakina, ya yi ta jira har ya gaji ya miƙo mani mabuɗi.

Ba ni ce miki bori daidai ne ba. Har gobe ina neman tsari da shi, kuma ban san abin da yunwa za ta sa shi yi ba da na bar gogen a bango. Allah kaɗai ya san wannan. Abin da na sani, mutumin ya ce a'a sau huɗu da cikinshi babu komi, ni kuma na hukunta shi a kan na biyar da bai zo ba. Na ɗauke abin da ke tsai da hannunshi, ban ba shi komi a madadi ba, na bi da ƙarya. Azumi nawa na yi a kan wanga, zuciyata ba ta sauka ba, don wanda za ni roƙa ya tafi.

Gurmin maigidanki ko kiran kowa ba shi yi. Ki sa shi cikin kaya ku tafi da shi. In yayyenki sun yi magana ki ce ba ki gan shi ba, a'a, kar ki ce haka, kin ga har yanzu bakina na saurin zuwa can. Ki ce na mijinki ne. In wata rana abin ya tsaya miki a rai, ki zamna gabanshi ki faɗa mishi, ku yi faɗa in ta kama, maƙwabta su ji. A Yamai ɗakunan ƙanana ne, za su ji ko ba ku so.

Gogen na nan cikin akwati ƙarƙashin gadona, mabuɗin na wuyana. In babban ɗana ya sani zai ƙone shi a tsakar gida, kuma zai ce ya yi mani alheri. In na mutu su yi yadda sunka ga dama. Ni dai na kai shi ruwa sau ɗaya, ba ni kai shi wuta.

In kin gama karantawa ki tura takardar nan ƙarƙashin tukunya, wuta ta cinye ta. Kar Rabi ta ji, kar innarki ta ji, ko maigidanki kar ki gaya mishi. In kun zo bankwana ki gaishe ni kamar kullum, ki ce Inna a sa mana albarka, ni kuma in sa.